Ƙasidar Biki Daga Takarda Zuwa Waya: Tallar Wasanni a Parakou da Djougou

Ƙasidar biki ita ce ɗan littafin nan, ko takarda mai ninki biyu ko uku, da masu shirya taron kiɗa, wasan kwaikwayo, baje kolin zane ko bikin gargajiya ke bugawa don jama'a su san abin da za a yi. A cikinta ake samun ranar farawa, wurin taruwa, sunayen makaɗa da 'yan wasa, kuɗin shiga, da tambarin waɗanda suka ɗauki nauyi. A Jamhuriyar Benin, inda Faransanci ne harshen hukuma, masu maɗaba'a na kiran mai ninkin dépliant, mai shafuka da yawa kuma programme. Ta bambanta da fosta, wadda ake mannawa a bango don mai wucewa ya gani da kallo ɗaya. Ƙasida a hannu ake riƙe ta, a sa a aljihu, a kai gida, a sake dubawa idan ranar ta matso.

Tun da wayar hannu mai intanet ta yawaita, wannan ƙasida ta sami rayuwa ta biyu. Fayil ɗin da aka kai wa maɗaba'a shi ne ake juyawa a tura ta WhatsApp, a ɗora a Facebook, ko a ajiye a wani shafi inda mai karatu zai riƙa juya shafuka da yatsa. Da jin labarin abin kamar ba wuya: an riga an tsara, saura a danna a tura. A aikace kuwa, ƙasidar da ta yi kyau a takarda kan zama abin takaici a waya, kuma garuruwa irin Parakou da Djougou, da ke arewacin Benin, sun fi manyan biranen Turai nuna dalilin haka a fili.

Garuruwan fatake

Parakou ce babban birnin arewacin Benin kuma hedkwatar jihar Borgou. Ƙidayar 2013 ta ba ta mutum sama da dubu 250. Nan layin dogo da ya taso daga Kwatano ya tsaya a 1936, nan aka buɗe jami'a a 2001, nan kuma aka haifi Hubert Maga, shugaban ƙasar na farko. Babbar kasuwarta sunanta Arzèkè, kuma Bahaushe ba ya bukatar tafinta kafin ya ji arziki a cikin sunan. Djougou, wadda mutanenta ke kira Zugu, tana yamma da ita da tafiyar kilomita ɗari da talatin da wani abu, kusa da iyakar Togo, ita ce hedkwatar jihar Donga. Dukansu biyu zango ne a tsohuwar hanyar goro, wadda ayarin fatake daga Kano da Sakkwato ke bi ta ƙasar Borgu zuwa Salaga a Gwanja. Unguwannin zango da ke cikinsu har yau gadon wannan fatauci ne, haka ma yawan harsuna. A kasuwa ɗaya ana jin Dendi, Baatonum na Baribawa, Fulatanci, Yarbanci, Hausa da Faransanci, a Djougou kuma ga Yom da Lokpa.

Abin kallo bai yi ƙaranci a yankin ba. Mafi girma shi ne Gaani, bikin masarautar Nikki, wanda ke faɗowa a watan Mauludi, watan da Hausawa ma ke kira watan Gani, kamar yadda Daura ke yin tata Sallar Gani. Akwai hawan dawaki, busar kakaki, tambura, da gaisuwar hakimai ga Sinaboko, Sarkin Nikki. Parakou da Djougou da wasu garuruwan yankin su ma suna yin nasu Gaani. Bikin wasan kwaikwayo na ƙasa da ƙasa na Benin, FITHEB, wanda aka fara a 1991, ya sha kai wasanni Parakou. Garin na da gidan tarihi na sarari da reshen cibiyar al'adun Faransa, ga ƙungiyoyin ɗalibai na jami'a, ga mawaƙan zamani da masu rawar gargajiya. Kowanne daga cikin waɗannan yana da tambaya ɗaya da ke hana shi barci kafin ranar taro: ta yaya labari zai isa ga mutanen da za su cika fili?

Abin da takarda ke yi, da inda ta gaza

Ƙasidar takarda tana da kwarjinin da ba a raina shi. Idan aka kai wa sarki, ko magajin gari, ko attajirin da ake fatan zai taimaka, hannu biyu ake miƙa ta, wani lokaci da goro a gefe. Mutumin da aka tura wa fayil ta waya kawai yana iya cewa ba a gayyace shi ba, kuma a al'adance yana da gaskiya. Takarda ba ta bukatar caji, ba ta jiran sabis, wanda mutanen Nijar da Benin ke kira rezo, kuma ba ruwanta da ɗaukewar wutar lantarki. A ranar taro ita ce ke hannun mai gabatarwa, ita ce baƙo ke fifita da ita, ita ce kuma yake tafiya da ita gida.

Sai dai tana da tsada. A babban injin bugu, yawancin kuɗin na tafiya ne a haɗa farantan launi huɗu da saita inji, saboda haka kwafi ɗari biyu kan fi kwafi dubu biyu tsada idan aka lissafa kuɗin kowane ɗaya. Ƙaramar ƙungiyar wasan kwaikwayo ba ta da kuɗin dubu biyu, ba ta kuma da ƙafafun da za su raba su. Aikin da ake son ya fito tsaf sau da yawa Kwatano ake kai shi, tafiyar sama da kilomita 400, a jira ya dawo a motar haya cikin kwali. Wannan na nufin dole a rufe shiri makonni kafin taro. Duk abin da ya canza bayan nan, tawada ta riga ta bushe.

Kuma abubuwa na canzawa. Gaani wata yake bi, kowace shekara yana matsowa da kwana goma sha ɗaya ko kusa da haka, kuma fada ce ke da ikon tsayar da rana. Mawaƙi kan fasa zuwa, ruwan sama kan tilasta a koma zaure daga fili, rasuwar babban mutum kan sa a ɗage komai. Akwai ma misali da ya shafi ƙasar baki ɗaya. A ranar 30 ga Nuwamba 2024, Benin ta mayar da lambobin wayarta daga alƙaluma takwas zuwa goma, aka ƙara 01 a gaban kowace lamba. Duk wata ƙasida, kati ko allon talla da aka buga kafin ranar ya wayi gari ɗauke da tsohuwar lamba. Wanda ke da fayil ya gyara cikin minti biyar. Wanda ke da kwali biyu na takarda sai dai ya bi su da biro ɗaya bayan ɗaya.

Kuskuren da aka fi yi

Hanya mafi sauƙi ta samun ƙasidar waya ita ce a roƙi mai tsara shafi ya turo fayil ɗin da ya kai maɗaba'a. Wannan fayil kusan kullum PDF ne, tsarin da kamfanin Adobe ya fito da shi a 1993 don shafi ya bayyana iri ɗaya a kowace kwamfuta. Wannan amincin nasa shi ne matsalarsa a waya, domin ba ya lanƙwasawa ya bi girman allon da aka buɗe shi a kai.

Ana iya kallon abin a hannun wata mai sayar da atamfa a kasuwar Arzèkè. Saƙo ya shigo daga zauren WhatsApp na unguwarsu, ba hoto a jikinsa, sai farin akwati da suna irin na ofis da lambobi. Ta danna, da'irar saukewa ta yi ta juyawa, domin an tsara fayil ɗin ne da ɗigo 300 a kowane inci yadda injin bugu ke so. Shafin A4 guda ɗaya a wannan ƙima ya haura ɗigo miliyan takwas da rabi, alhali faɗin allon wayarta bai wuce ɗigo 720 ko 1080 ba. Da ya buɗe, sai ta ga shafi na 16 a gefen shafi na 1, na 2 a gefen na 15, saboda haka ake jera shafukan littafin da za a ninke a ɗinke a tsakiya. A kusurwoyi ga 'yan layukan da ke nuna wa mai yanka inda zai sa wuƙa. Rubutun ya yi ƙanana kamar ƙwayar gero. Ta buɗa da yatsu biyu, rabin jimla ya ɓace a dama, ta ja, farkon ya ɓace a hagu. Mai ciniki ya tsaya a gaban rumfa, ta ajiye wayar. Ba za ta koma kansa ba, kuma da dare, idan wayar ta yi kukan cikar ma'aji, wannan fayil ne farkon abin da za ta goge.

Ba wanda ya yi mugunta a nan. An dai ɗauki kayan da aka ɗinka wa wani aka sa wa wani. Abin takaicin shi ne masu shirya taron za su zauna da yamma su ce sun yi talla a intanet amma mutane ba su zo ba.

Yadda ake sake ɗinka ta

Masu sanin aikin suna fitar da ƙasida biyu daga tsari ɗaya, ta maɗaba'a da ta waya, kuma tun ranar farko ake gaya wa mai tsarawa haka don ya sa a lissafin kuɗinsa. Ta waya tsaye take kamar allon, shafi ɗaya-ɗaya, rubutu a layi guda daga sama zuwa ƙasa, da haruffan da dattijo zai karanta ba tare da ya buɗa ba. Launi ma sai an juya shi, domin injin bugu da tawada huɗu yake haɗa launi, allo kuma da haske uku, ja da kore da shuɗi. Jerin abubuwan shi ma yana juyewa. A takarda an saba farawa da hoton babban baƙo da jawabin shugaban kwamiti, jadawali ya zo can tsakiya. A waya shafin farko shi ne wanda kowa zai gani, mai yiwuwa kuma shi kaɗai, saboda haka suna, rana, wuri da kuɗin shiga a nan suke zama. Jawabi da godiya su biyo baya, ba su rage daraja ba don sun koma ƙarshe.

Nauyin fayil shi ne abu na biyu, kuma a nan kuɗin mai karatu ake magana. Yawancin masu waya a yankin ɗan ƙunshin data na yini ko na mako suke saye daga MTN, Moov Africa ko Celtiis, kamfanin gwamnati da ya fara aiki a 2022, kuma suna lissafin kowace mega. Wanda ke shakkar haka ya tuna 2018, lokacin da gwamnati ta sa harajin sefa 5 a kan kowace mega ta shafukan sada zumunta. Matasa suka tayar da ƙura a intanet da kan titi, kafin watan Satumba ya ƙare aka janye dokar. Mutanen da suka yi wannan tsayuwa a kan sefa 5 ba za su kashe mega talatin don karanta talla ba. Ƙasida mai shafi goma sha shida, idan aka rage hotunanta daidai da allo, tana iya sauka zuwa mega ɗaya ko biyu ba tare da ido ya ga bambanci ba.

Da yawa ma sun gano cewa PDF ba shi ne ya kamata ya shiga gaba ba. Hoto guda, mai ɗauke da muhimmin bayani, yana bayyana nan take a cikin hira, ana sa shi a sitatus na awa 24, ana tura shi da dannawa ɗaya. Sai cikakkiyar ƙasida ta biyo baya ga mai son ƙari. Shafuka irin Issuu, wanda aka kafa a Denmark a 2006, da Calaméo na Faransa, suna mayar da PDF littafi mai juya shafi, kuma suna da amfani ga 'yan jarida, masu ba da tallafi da baƙi daga ƙetare. Amma sai da intanet a kunne ake karanta su, kuma inda rezo ke zuwa yana tafiya, a hanyar Djougou zuwa ƙauyukan Taneka misali, fayil ɗin da ya riga ya sauka a waya ya fi su amfani nesa ba kusa ba.

Akwai fa'idar da takarda ba za ta taɓa samu ba. A ƙasidar waya lambar mai shirya taro na iya zama abin dannawa da zai buɗe hira kai tsaye. Sunan fili na iya buɗe taswira. Sunan mawaƙi na iya kai mutum ga minti ɗaya na waƙarsa, kuma a tallar kiɗa babu siffantawar da ta kai jin kiɗan da kunne. Kuɗin shiga ma ana iya biya ta MTN MoMo ko Moov Money tun daga gida.

Harshe da kunne

Kusan duk ƙasidun da ake bugawa a Benin da Faransanci suke, alhali ƙididdigar UNESCO ta shekarun nan na nuna wajen rabin manyan ƙasar ba su iya karatun boko ba. Ƙasidar da aka mayar waya ba tare da an taɓa harshenta ba ta gaji wannan katanga yadda take. Sai dai a waya ƙarin shafi ba ya cin takarda ko tawada. Za a iya fitar da shafin farko da Dendi, da Baatonum, da Hausa, kowanne a tura shi zauren masu jin harshen. Ga dattawan zango da suka yi karatun allo, shafi ɗaya da ajami zai yi abin da shafi goma na Faransanci ba su yi ba, kuma zai nuna musu an san da zamansu.

A nan akwai wani ɗan tarko na haruffa. Benin ta tsayar da baƙaƙen rubuta harsunanta tun 1975, a cikinsu akwai ɛ da ɔ da ŋ, Hausa kuma na da ɓ da ɗ da ƙ. Yawancin salon haruffa masu ado da masu zane ke so ba su da waɗannan. Sai kalma ta fito da akwati a tsakiyarta, ko harafi ɗaya ya bambanta da 'yan uwansa, ko mai tsarawa ya cire ƙugiyar don ya huta, ƙasa ta koma kasa, ɓata ta koma bata. Maganin yana nan kyauta: salon haruffa irin Noto, Andika da Charis suna da su duka, sai dai a tabbatar an cusa su cikin fayil ɗin lokacin fitarwa, a kuma gwada a tsohuwar waya kafin a saki. Sunan mawaƙi ko na gari da aka rubuta ba daidai ba raini ne, ko da ba a yi niyya ba.

Mafi ƙarfin abokin tafiyar ƙasida shi ne saƙon murya. Minti ɗaya, da muryar da mutane suka sani, ana sallama, ana faɗin rana da wuri da kuɗi, kiɗa na tashi a baya. Wannan aikin sanƙira ne da mai shela, wanda har yau ke zaga unguwa da ƙararrawa ko lasifika, ya shiga waya. Gidajen rediyo irin Fraternité FM da Deeman Radio a Parakou da Solidarité FM a Djougou suna watsa shirye-shirye da harsunan gida, kuma sanarwar da aka naɗa musu ita ce za a iya turawa tare da hoton. Wanda ba ya karatu ya ji, wanda ke karatu ya duba ya tabbatar.

Hannun da ke miƙa ta

Fayil ba ya tafiya da kansa. A waɗannan garuruwa labari na bin mutane ne, kamar yadda wasiƙa ke bin madugu a da. Zaurukan WhatsApp na unguwa, na 'yan kasuwa, na tsofaffin ɗalibai, na masu baburan haya da ake kira zemijan, na 'yan gari mazauna Kwatano, Legas, Yamai ko Faransa, su ne hanyoyin. Zaure ɗaya na iya ɗaukar mutum 1,024, amma tun 2019 manhajar ta taƙaita tura saƙo zuwa wuri biyar a lokaci guda don rage yaɗa ƙarya. Saboda haka mutum ɗaya ba zai cika gari da talla ba. Ana bukatar mutum ashirin ko talatin da kowanne ake jin maganarsa a inda yake, ya tura da kalmarsa a sama: ku zo, ni ma zan je. Masu tura waƙoƙi da fina-finai a bakin kasuwa su ma hanya ce, domin ta Bluetooth ko Xender fayil na ƙaura daga waya zuwa waya ba tare da an kashe ko mega ɗaya ba.

A wajen 'yan gari da ke nesa ne ƙasidar waya ta fi nuna amfaninta. Baribawan Nijeriya, na Kwara da Neja, suna ƙetarowa zuwa Gaani kowace shekara, haka ma 'yan Djougou da ke ci-rani a ƙasashe daban-daban. Mutumin da ke bukatar neman hutu, tanadin kuɗin mota da ɗinkin iyali, jadawali yake so tun da wuri, kuma ba kwalin takarda da zai iso shi. Su ne kuma sau da yawa ke aiko da gudummawa.

Lambar QR, ɗan murabba'in nan mai ɗige-ɗige da wani kamfanin Japan, Denso Wave, ya ƙirƙiro a 1994, ita ce gada tsakanin bango da waya. A buga fosta ɗari da ita a kusurwa, mai wucewa ya haska, cikakkiyar ƙasida ta sauko. Tana aiki sosai a harabar jami'a. A tashar mota ko kasuwar ƙauye, inda ƙananan wayoyi masu maɓalli suka fi yawa, lambar waya da aka rubuta da manyan alƙaluma ta fi ta tasiri.

Tsohon kwafi da kwafin ƙarya

An ce ƙasidar waya na gyaruwa cikin minti biyar, kuma gaskiya ne, amma rabin gaskiyar ke nan. Wadda ke kan shafin intanet ita ce ke gyaruwa. Wadda ta riga ta shiga wayoyi dubu ba mai iya kiranta ta dawo, kamar magana ce, zarar bunu. Idan aka ɗage taro daga Asabar zuwa Lahadi, kwafi biyu ne za su riƙa yawo kafaɗa da kafaɗa, kuma tsohon ya riga sabon nisa. Har hoton bara kan farfaɗo a bana idan ba a rubuta shekara a jikinsa ba. Shi ya sa masu lura ke rubuta cikakkiyar rana da shekara a shafin farko, su sa ranar da aka yi gyara, su canza launin sabon kwafi yadda ido zai bambance, su kuma ambaci wuri ɗaya tak, shafin Facebook ko lambar waya, da za a je a tabbatar.

Wanda ya fi wannan muni shi ne ɗan damfara. Canza lambar biyan kuɗi a jikin hoto aikin minti kaɗan ne ga mai manhajar zane. Mutane su biya, su zo ƙofa da shaidar biya, a ce ba a san zancen ba. Kuɗin da ya tafi kaɗan ne idan aka gwada da sunan ƙungiyar da ya ɓaci. Kariyar ita ce a yi amfani da asusun kasuwanci da ke nuna sunan ƙungiya kafin a tabbatar da biya, a faɗi wannan suna a rediyo da saƙon murya, a kuma bar ƙofar biya da hannu a buɗe. Dokar fasahar zamani ta Benin, wadda aka sa wa hannu a 2018, ta tanadi hukunci kan zamba ta intanet, ta kuma kare bayanan mutane a ƙarƙashin hukumar APDP. Wannan ya shafi masu shirya taro su ma: lambobin da aka tara wajen sayar da tikiti amana ce, ba hajar sayarwa ba. Hoton mai ɗaukar hoto da waƙar mawaƙi da aka sa a ƙasida su ma suna da masu su, kuma hukumar BUBEDRA ce ke kula da haƙƙin mallaka a ƙasar.

Masu ɗaukar nauyi kan so a ba su alƙaluma. Shafukan juya littafi na ƙirga waɗanda suka buɗe, sitatus na nuna waɗanda suka gani, fayil ɗin da ya bi hannu zuwa hannu kuwa ba mai iya ƙirga shi. Kuma gani daban, zuwa daban. Yaro ɗaya a bakin ƙofa da littafi da biro, yana tambayar masu shiga inda suka ji labari, zai kawo wa kwamiti ilimin da ya fi duk waɗannan lambobi.

Abin da ke saura bayan an watse

A shekarun 1970 Parakou na da ƙungiyar kiɗa mai suna Orchestre Super Borgou, ƙarƙashin Moussa Mama, tana waƙa da Baatonum da Dendi. Sai a 2012 duniya ta sake jin ta sosai, lokacin da kamfanin Analog Africa da ke Jamus ya tattara tsofaffin fayafayenta ya fitar da su a kundi ɗaya. Tarihin ƙungiyoyi irin wannan daga bakin tsofaffi ake tsinto shi, da bayan kwalin faifai, da 'yan hotunan da gara da damina suka bari. Ƙasidar biki, duk ƙanƙantarta, shaida ce: ta faɗi wanda ya yi wasa, a wane fili, a wace rana, tare da wa. Mai rawar da ke neman gayyata zuwa wani biki a Abijan ko Wagadugu da ita zai nuna cewa ya daɗe a fage.

Ana ɗauka abin da ya shiga intanet ya tsira ke nan, alhali waya na faɗawa ruwa, shafi na rufewa, sakataren ƙungiya na ƙaura da kwamfutarsa. Takardar da aka jefa a akwati na iya kai shekara hamsin, fayil ɗin da ba mai kula da shi ba lalle ya kai biyar ba. Akwai nau'in PDF da aka tsara musamman don ajiya mai tsawo, PDF/A, kuma yawancin manhajojin tsara shafi na iya fitar da shi. Ya kamata kowace ƙungiyar wasa a Parakou da Djougou ta ajiye kwafin kowace ƙasida a wuri biyu aƙalla, ta ware 'yan kwafin takarda ta kai ɗakin karatu na jami'a da Babban Ɗakin Karatu na Ƙasa da ke Porto-Novo, kafin a kwashe kujeru a manta.